Baturiya: mun ga tsuntsaye, amma kachala ta cinye mana rabin yini

Tun bara ake zuzuta min dausayin Baturiya na ƙaramar hukumar Kirikasamma, sai cikin hunturun nan Allah ya nufa na je, ni da ƙanena da ɗansa. Daga Haɗeja muka tashi bayan asuba, hazo ya lulluɓe hanya. Da hunturu ake zuwa, don lokacin ne baƙin agwagin ruwa daga Turai suke sauka, su yi watanni kafin su koma.

Da farko kam abin ya burge ni. Goruba da gabaruwa sun kewaye fadama, ga balbela, ga dinya, ga zalɓe ya tsaya ƙyam kamar mai jiran bashi. Dattijon da ya yi mana jagora ya ce tun 2008 aka sa wurin cikin jerin muhimman dausayin duniya da ake kira Ramsar, kuma yana yaro sun taɓa kama agwagwa da zoben ƙarfe a ƙafa, da rubutun boko a jiki. Ɗan ƙanena sai da ya buɗe baki.

Matsala ta fara ne a kwale-kwale. Mun gama ciniki, mai jirgi ya karɓi rabi, ya kutsa da mu cikin kachala. Wanda bai san ta ba, ciyawa ce da ta fi mutum tsayi, ta toshe hanyoyin ruwa. Dattijo ya ce tun da aka gina dam ɗin Tiga a 1974 da na Challawa a 1992, ruwa ya rage zuwa da ambaliyarsa ya janye kamar da, sai ya riƙa kwanciya, ita kuwa kachala abin da take so ke nan. Tsuntsayen jan-baki ma cikinta suke ɓuya, su fito su far wa shinkafar mutane.

Nan jirgi ya maƙale. Awa biyu cur, sauro na cin mu, yaro na kuka, ni da ƙanena mun naɗe wando muna turi. Sai mai jirgin nan ya dube ni ya ce, "Alhaji, sai fa ka ƙara wani abu, aikin ya yi yawa." Na ce, "Haba Malam, kai da ka biyo da mu nan?" Dattijo ya ce, "Ɗana, ka yi haƙuri ka ba shi." A tsakiyar ruwa wa zai yi musu? Na ba shi.

Muna fita sarari, garken kirinjijiya, wato wasu agwagin ruwa, ya tashi gaba ɗaya, suna wannan fito nasu, har sama ta yi duhu. Wallahi na manta da fushi. Na ce a raina ko don wannan kuɗina bai tafi a banza ba.

Na kai hannu aljihu in ɗauki hoto, ashe wayata ta sha ruwa tun wajen turi. Ko hoto ɗaya ban samu ba, ga kuɗin gyara, ga ƙarin da aka tatse ni. Har yanzu in na tuna raina yana ɓaci.

In za ka je, ka tafi da ruwan sha da guzuri, ka ƙulle waya a leda, ka yanke kuɗin jirgi zuwa da dawowa a gaban shaida. Ƙanena yana cewa mu koma baɗi. Na ce to, amma ba a jirgin mutumin nan ba.