Sikanar gilashi ko kyamarar madubin likita: wadda za ka saya

Ɗan'uwa Dokta, ka tambaye ni wadda za ka saya tsakanin kyamarar da ake ɗorawa a kan madubin likita da sikanar da ke ɗauke hoton gilashi gaba ɗayansa, wato ɗan gilashin da ake shimfiɗa siririn yankan nama a kai don dubawa a madubin; na yi aiki da duka biyun wajen binciken naman da ake zargin ciwon daji, kuma sikanar nake ba ka shawara ka saya.

Abin da ya sa na sakankance da ita ya faru ne a kan kaluluwar hammatar wata baiwar Allah da aka yi wa tiyatar ciwon dajin mama. Na duba gilashin ban ga komai ba, amma hankalina bai kwanta ba, sai na tura hotonsa dungurungum ga wata abokiyar aiki da ke nesa da mu. Kafin yamma ta mayar mini da shi, ta zagaye wani ɗan wuri can a gefe, daf da tantanin da ya lulluɓe kaluluwar, inda ƙwayoyin daji suka taru a filin da bai cika milimita ɗaya ba. A ƙa'idar tantance matakin wannan ciwo, tarin da ya haura milimita 0.2 amma bai wuce milimita 2 ba ana ƙidaya shi a matsayin ƙaramar bazuwa, kuma yana shiga lissafin likitocin da za su tsara wa majinyaciya magani. Da a ce kyamara gare ni a ranar, da hotunan wuraren da idona ya zaɓa kawai zan aika mata, ita kuma ba ta da hanyar ganin abin da na tsallake, sai ta sa hannu a kan kuskurena. Har yau ina gode wa Allah idan na tuna wannan gilashi.

Kyamarar kuwa na saye ta ne da fatan za ta wadatar da mu wajen neman ra'ayin ƙwararru, na kuma yi da-na-sani. Tana da amfani wajen koyar da ɗalibai da manna hoto a cikin rahoto, iyakarta ke nan.

Sai dai sikanar ma ba kowace ce za ka ɗauka ba. Ka nemi wadda ke girmama hoto har ninki 40, inda kowane ɗigon hoto ke daidai da kusan rubu'in maikiron (maikiron kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita), domin a ninki 20 ƙirga ƙwayoyin da ke rabuwa yana wahala, alhali da wannan ƙirga ake auna zafin wasu nau'o'in ciwon. Ka kuma shirya ma'ajiya tun kafin na'urar ta iso, saboda gilashi ɗaya a ninki 40 yakan cinye gigabait ɗaya ko fiye, wanda ke nufin ɗakin gwajin da ke fitar da gilashi 100 a yini zai tara kimanin terabait uku a wata. Batun tsarin fayil shi ne wanda aka fi mantawa da shi sai an makara. Kusan kowane kamfani yana da nasa, Aperio na da SVS, Hamamatsu na da NDPI, 3DHISTECH na da MRXS, saboda haka ka tabbatar hotunanka za su buɗe a manhajar da ba ta mai sayarwa ba, irin su QuPath wadda kyauta ce, ko kuma za a iya fitar da su a tsarin DICOM, wato tsarin bai-ɗaya na ajiye hotunan likitanci, wanda aka faɗaɗa shi ya ƙunshi irin waɗannan hotuna tun 2010.

Ba ka tambaye ni game da dillalai ba, amma wajibi ne in ja kunnenka. Akwai masu sayar da na'urar da aka ƙera don binciken ilimi kawai, su ɓoye maka cewa ba a amince a yanke hukunci kan majinyaci da ita ba. Ka ce su nuna maka takardar amincewar hukuma a rubuce, mai ɗauke da sunan wannan samfurin na'ura. Ko a Amurka sai a 2017 hukumar FDA mai kula da abinci da magunguna ta fara amincewa da irin wannan tsari don gano cuta kai tsaye, wato na Philips, sannan Aperio AT2 DX na Leica ya biyo baya a 2019. Akwai masu kawo tsohuwar da aka yi wa kwaskwarima da sunan sabuwa, akwai kuma masu sassauta farashin na'ura su ɗaure ka da kuɗin lasisin manhaja na shekara-shekara, wanda in ka daina biya ba za ka iya buɗe hotunan majinyatanka ba. Wanda duk ya ce maka manhajarsa za ta gano ciwon daji ba tare da likita ba, ka sallame shi, domin ko manhajar Paige Prostate da FDA ta amince da ita a 2021 an amince da ita ne a matsayin mai taimaka wa likita.

Ranar gwaji kada ka yarda da gilasan da suka zo da su, waɗanda zaɓaɓɓu ne masu tsabta. Ka ba su naka, har da masu kauri da masu naɗewar nama da masu kumfar iska a ƙarƙashin murfi, ka ga sau nawa hoton zai dishe har a sake ɗauka. Nan ne za ka gane cewa sikana ba ta gyara naman da bai jiƙu da fomalin, sinadarin da ke hana nama lalacewa, yadda ya kamata ba, ko wanda aka yanka da kaurin da ya wuce maikiron huɗu zuwa biyar, ko wanda rininsa ya koɗe.

Ka sayi matsakaiciya wadda ta dace da yawan aikinka, tare da yarjejeniyar gyara a rubuce da allon kwamfuta mai inganci. Kafin ka fitar da sakamakon farko da ita, ka bi ƙa'idar Kwalejin Likitocin Binciken Cututtuka ta Amurka ta 2013, wadda aka sabunta a 2021: ka ɗauki aƙalla samfuri 60 na irin aikin da kake yi kullum, ka duba su a madubi, ka bar tazarar mako biyu ko fiye, sannan ka sake duba su a allo, ka kwatanta sakamakon biyun. Madubinka kuma ka bar shi a kan tebur, za ka riƙa komawa gare shi duk lokacin da hoto ya bar ka cikin kokwanto.