Injin casa na haya a ƙasar Binuwai: yana aiki, amma ina matan sussuka za su nufa?

Daga watan Nuwamba, da zarar masara ta bushe a gonakin Ngong, Lagdo da Pitoa da ke arewacin Kamaru, masu injin casa na haya sukan fara zagaya ƙauyuka. Injin na ɗaure a bayan keke mai ƙafa uku, da samari uku ko huɗu masu kula da shi, ana biyansu a kan kowane buhu, wani wuri da kuɗi, wani wuri da awon hatsi. Idan masakwa ta nuna a Fabrairu da Maris sai su nausa wajen Marwa. Hukuncina a kan wannan sana'a kashi biyu ne: ta fuskar manomi aikin ya cancanci kuɗinsa, ta fuskar gari kuwa akwai asarar da babu wanda ya ɗauki nauyinta.

Yawancin injinan na gas ne mai silinda ɗaya, ƙirar Sin, mai ƙarfin doki 10 zuwa 12, da tukunyar ruwa a kansa don sanyaya shi. Bel ne ke ɗaukar ƙarfin zuwa gangar da ke dukan zangarniya, tsaba ta zubo ta rariya, fanka ta hure ƙaiƙayi, totuwa ta fita ta gefe. Idan masara ta bushe sosai kuma masu zubawa ba su yi sanyin jiki ba, irin wannan inji kan fitar da kusan tan ɗaya a awa, wato buhu goma masu kilo 100. Mace mai ɓarar masara da yatsu da ƙyar take cika buhu ɗaya a wuni.

Kafin ka yi ciniki, ka yi lissafin mai. A Fabrairun 2024 farashin gwamnati na litar gas ya kai sefa 828, bayan ya tashi daga 575 zuwa 720 a 2023. Injin na shan wajen lita biyu a awa, ka ga man kowane buhu bai kai sefa 200 ba. Abin da ya hau kan wannan shi ne ladan samari, gyara, sufuri da ribar mai inji. Wanda ya ce maka tsadar mai ce kaɗai ta sa ya ninka kuɗin buhu, ka zauna da shi ku buga lissafin tare.

Inda aka fi yin ɓarna shi ne danshi. Masara na son ta sauko zuwa kashi 13 ko 14 cikin ɗari kafin a casa ta. Idan da sauran danshi, tsaba kan maƙale a totuwa, wadda ta fita kuma ta dagargaje, rariya ta toshe. Fasasshiyar tsaba ita ce ƙofar ƙwari da fumfuna a rumbu. Gwajin ba wuya: ka zuba busasshen gishiri da ɗan hatsi a busasshiyar kwalba, ka girgiza, ka ajiye na ɗan lokaci. In gishirin ya manne a jikin kwalbar, a mayar da masarar rana. Mai inji yana sauri ne ya wuce gona ta gaba, ba zai ce maka ka jira ba.

Sai rariya da gudun ganga. Rariyar masara ramukanta sun fi faɗi, ta dawa sun fi ƙanƙanta, wake da waken soya kuma suna son a rage gudu, in ba haka ba sai su rabe biyu. Da yawa daga masu hayar rariya ɗaya suke yawo da ita, su yi komai da ita. Ka nemi a nuna maka wadda za a sa. A fara da buhu guda, a tsaya. Ka ɗebi tsaba cikin tafin hannu ka duba yawan fasassu, ka zagaya bayan fanka ka tona tarin ƙaiƙayi. Idan ka ga tsaba a ciki, iskar ta yi yawa, a rage ƙofar fanka. A shimfiɗa tamfol mai faɗi tun kafin a tayar da inji, domin abin da ya faɗi a ƙasa da tsakuwa yake komawa buhu, kuma 'yan kasuwar Ngong suna rage kuɗi a kan haka. Wanda zai ajiye hatsin ya zuba a buhu mai ruɓi uku na PICS, dabarar da masu bincike na IRAD, cibiyar binciken noma ta Kamaru, a Marwa da jami'ar Purdue ta Amurka suka faro a kan wake, kuma tana yi wa masara.

Lalacewar injin kanta kusan kullum daga ƙura take. Matatar iska na bukatar wanki kowace rana a lokacin casa, baƙin mai a canza shi bayan aikin awa ɗari, boris a sa masa giris, tukunyar ruwa kada ta ƙafe. Man da aka saya a jarka a bakin hanya sau da yawa da ruwa ko datti a ciki, shi ke kashe nozul, sai ka ga baƙin hayaƙi da raguwar ƙarfi. Bel idan ya saki yakan zame, ganga ta rage gudu, zangarniya ta fito da rabin tsabarta. Abin da ban yarda a yi wa sassauci ba shi ne bel marar murfi. Mata da yara ne ke miƙo masara, mayafi ko bakin zane na iya shiga fuli cikin ƙiftawar ido. Injin da ba shi da murfi kada a bar shi ya shiga gonarka.

To, wannan na manomi ne. Aikin da injin ya gama cikin awa biyu, da can na mata ne na kwana da kwanaki: sussuka, casa, sheƙa, a biya su da awo, su tafi da ƙaiƙayi da abin da suka tsince. Zawarawa, tsofaffi da matan da suka sauko daga duwatsun Mandara neman aikatau, da wannan hatsi suke kai wa damina. Ba na kewar taɓarya, aiki ne mai cin ƙirji da baya, kuma duk macen da ta samu mafita ba za ta koma masa ba. Sai dai ladan da mata goma ke rabawa yanzu ya koma hannun mai inji ɗaya da samarinsa, kuma ba a buɗe wa matan wata ƙofa ba.

A nan ne maganar ba kowane ɗan ƙasa wani kuɗi duk wata, ba tare da sharaɗi ba, ta shafe mu. An gwada ta. Finland ta ba marasa aiki 2,000 yuro 560 a wata a 2017 da 2018. A ƙauyen Otjivero na Namibiya an ba mazauna dalar ƙasar 100 a wata a 2008 da 2009. A Kenya ƙungiyar GiveDirectly ta ɗauki alkawarin biyan manyan wasu ƙauyuka kusan dalar Amurka 22 a wata har shekara 12. Mu ma muna da ɗan ƙaramin samfuri: shirin Filets Sociaux da gwamnati ta fara da tallafin Bankin Duniya a 2013, aka gwada shi a Soulédé-Roua. Gidan da aka zaɓa kan karɓi sefa 360,000 cikin wata 24, wato 20,000 duk wata biyu, sai a wata na 12 da na 24 a ba da 80,000 a maimakon 20,000. Kuɗin sun yi amfani, musamman dunƙulen 80,000 da ke isa sayen awaki ko jarin ƙaramar sana'a. Amma gida ake zaɓa, bayan taron gari da tambayoyi a kan rufin ɗaki da kadara, kuma bayan shekara biyu an gama. Matar da ke da rufin kwano amma inji ya cinye aikinta tana iya faɗuwa a wannan awo. Inda ake biya ta waya kuma sai da katin shaida, alhali mata da yawa a karkara ko takardar haihuwa ba su da ita, ga harajin kashi 0.2 cikin ɗari da aka ɗora wa turawa da cire kuɗi tun Janairun 2022.

Waɗanda ya kamata su riƙe wannan magana su ne masu cewa suna tare da talaka, kuma a nan raina ya fi ɓaci. Hausawa sun san yadda siyasar talakawa take idan ta gaskiya ce. Malam Aminu Kano da NEPU tun 1950 a kan zaluncin da manomi ke gani da idonsa suka tsaya, kuma da PRP ta ci Kano da Kaduna a 1979, Abubakar Rimi da Balarabe Musa suka soke haraji da jangali. Abu ne da talaka ya ji a aljihunsa. A Kamaru, jam'iyyar UPC ta Ruben Um Nyobè ta daɗe da rarrabuwa gida-gida. Jam'iyyar SDF da Ni John Fru Ndi ya kafa a Bamenda a 1990 da taken mayar da mulki ga jama'a ba ta taɓa yin saiwa mai zurfi a arewa ba. Ƙungiyoyin ƙwadago sun yi fafutuka har mafi ƙarancin albashi a aikin gona ya kai sefa 45,000 a 2023, amma mai sheƙa ba ta da takardar ɗaukar aiki, dokar ba ta san da ita ba. Ana taruka a Yawunde da Duwala, ana maganar fasaha da ci gaba da Faransanci, ba a jin sunan waɗannan mata.

Masu cewa babu kuɗin biyan kowa suna da hujja, kuma makwabciyarmu Chadi ta nuna cewa samun kuɗin ma bai wadatar ba. Dokarta ta 1999 ta ware kashi 10 cikin ɗari na kuɗin man Doba a wani asusu don 'yan baya, bututu ya fara kai mai Kribi da ke bakin tekun Kamaru a 2003, a 2006 aka soke asusun. Saboda haka abin da nake ganin zai yiwu yanzu ya fi wannan kusa. Dokar Kamaru ta 1992 ta ba da damar kafa GIC, wato ƙaramar ƙungiyar haɗin gwiwa, matan unguwa na iya yin rajista su mallaki injin da kansu, su ɗauki samari aiki, ladan buhu ya dawo hannunsu. Dunƙulen 80,000 na gidaje da yawa idan aka haɗa shi zai kama hanyar sayen inji, muddin an ware kuɗin bel, nozul da baƙin mai tun daga buhun farko, an kuma rubuta kowane buhu a littafi. Manomin da ke da zaɓi tsakanin inji biyu masu rariya mai kyau da murfin bel, ya kira na ƙungiyar mata.