Tikitin Gwanzu: ejan ko intanet, Kano ko Abuja?

Assalamu alaikum. Ƙanina, na ga tambayarka tun daren jiya, na bari sai na samu natsuwa don kada in ba ka amsa a tsaitsaye. Ka ce kana sana'ar kayan waya a Farm Centre, wannan ne karo na farko da za ka je Gwanzu, birnin Guangzhou na ƙasar Chaina, da ƙafarka, ejan ɗinka ya yanka maka farashi, kai kuma ka duba a waya ka ga wanda bai kai nasa ba. Sannan wani ya ce maka tashi daga Abuja ya fi sauƙi. Kana so ka san wanne za ka ɗauka.

Bari mu fara da yadda ake sa wa tikiti kuɗi, domin nan ne yawancin rigimar mutane da ejan take samo asali. Kujerun ikonomi a ido duk iri ɗaya ne, amma kamfanin jirgi ya kasa su kashi-kashi kamar yadda mai tumatir ke kasa kayansa a faifai, kowane kashi da harafinsa da farashinsa da sharuɗɗansa. Kashi mai araha shi ke fara ƙarewa. Shi ya sa za ka zauna kusa da mutum a jirgi ɗaya, ku ci abinci iri ɗaya, amma abin da ya biya ya yi nisa da naka. Shi ya sa kuma farashin da ka gani bayan isha'i yana iya ɓacewa kafin hantsi. Ejan yana duba kujerun ne ta manhajojin masu yankan tikiti irin su Amadeus ko Galileo ko Sabre, kai kana dubawa ta wayarka, amma rumbun guda ne. In ka ga bambanci mai yawa tsakaninku, to ko dai ba kashi ɗaya kuke kallo ba, ko ba rana ɗaya ba, ko nauyin kayan da aka yarje maka ya bambanta, ko kuma ya ɗora ladansa. Ladan nan ba laifi ba ne, sana'arsa ce, kamar yadda kai ma kake ɗora riba a kan caja. Abin da kake da haƙƙin sani shi ne nawa ne.

Ita kanta intanet ɗin ba abu guda ba ce. Google Flights da Skyscanner ba sa sayar da tikiti, masu nuna hanya ne. Amfaninsu babba ne: za su jera maka kwanakin wata guda ka ga wace rana ta fi sauƙi, su nuna maka wanda zai bi ta Adis Ababa da wanda zai bi ta Alƙahira da na Doha, da awa nawa za ka yi a yada zango. Wannan aikin ban ga ejan ɗin da zai zauna ya yi maka shi da haƙurin da za ka yi wa kanka ba. Amma in ka danna mafi arahar, sau da yawa sai su miƙa ka ga wani shafin dillalai na ƙasar waje da ba ka taɓa jin sunansa ba, kuma ina kyautata zaton farashin da ka gani irin wannan ne. Akwai kuma dillalan intanet masu aiki a nan Najeriya irin su Wakanow da Travelstart, masu karɓar naira. Sai shafin shi kansa kamfanin jirgin, Ethiopian Airlines ko EgyptAir ko Qatar Airways, wanda shi ne mafi tsabta a cikin ukun, domin babu kowa tsakaninka da mai jirgi.

Dillalin waje yakan fi kowa araha a allo, amma a nan ne maganar Bahaushe ta araha ba ta ado take zama daram. Farashin farko wani lokaci na tikitin da aka rage masa kaya ne. Jiragen da ke tashi daga Najeriya zuwa waje galibi suna ba da jaka biyu masu kilo 23 kowacce, to amma ƙaramin kashi yana iya zuwa da jaka ɗaya, kai kuwa ɗan kasuwa ne, ko da manyan kayanka za su biyo kago, samfur da ƙananan kaya masu tsada a hannunka za su dawo. Kuɗin jaka ɗaya da za ka ƙara a filin jirgin Gwanzu ya isa ya cinye duk rangwamen da ka yi murna da shi. Sannan da dala za a cire, da canjin bankinka, ba da canjin da ka ji a kasuwar 'yan canji ta Wapa ba. Tun wajen 2022 bankuna da yawa suka hana katin naira biyan kuɗi a waje, a 2025 wasu suka sake buɗewa amma da iyaka, saboda haka ka tambayi bankinka ko katinka zai ɗauki kuɗin tikitin Chaina a biya guda.

Babban abin da nake auna su da shi shi ne wa zai amsa maka waya ranar da abu ya karkace. Ƙa'idar da kamfanonin jirgi suka saba bi ita ce, in ta hannun dillali ka saya, to canjin rana ko mayar da kuɗi ta hannunsa zai bi. Ka je ofishinsu su ce ka koma inda ka saya. In inda ka saya shago ne a Kano mai ƙofa da kujera, ka san mai shi, ka san wanda ya haɗa ku, to da sauƙi. In kuwa wani shafi ne da ba shi da lambar waya a Najeriya, sai dai ka yi ta aika imel kana jira. Ga wanda bai taɓa fita ba, kuma bizarsa na iya jinkiri, ko masana'antar da ya ba wa aiki ta ƙara masa mako guda a can, wannan kaɗai ya isa ya rinjayar da ni zuwa ga ejan ko shafin kamfanin jirgin.

Sai dai shi ma ejan akwai ramin da ake faɗawa ta wajensa, kuma ni na taɓa faɗawa. Shekarun baya na biya wani cikakken kuɗi, ya turo min takarda mai ɗauke da sunana da ranar tafiya da lambar jirgi, na kwanta hankalina kwance. Ana saura kwana biyu na sa wani yaro ya duba min, sai ga shi babu komai. Ashe kujera kawai ya kama min bai yanki tikitin ba, ya juya kuɗin a wata harka da niyyar zai biya daga baya, wa'adin riƙon ya cika, na'ura ta saki kujerar. Na tafi dai, amma a kashi mai tsada, kuma kuɗina na farko sai da manya suka shiga tsakani. Har yau in na tuna abin yana yi min ciwo, domin mutum ne da muke sallah a sahu ɗaya.

To ga yadda za ka kare kanka. Kama kujera yana zuwa da lamba mai harufa da alƙaluma guda 6, wadda ake kira PNR. Wannan ba tikiti ba ce. Tikiti lamba ce mai alƙaluma 13, kuma ukun farko suna gaya maka kamfanin da ya yanke shi: 071 na Ethiopian, 077 na EgyptAir, 157 na Qatar, 065 na Saudia. Da zarar ka biya, ka nemi wannan lambar a ranar, kada ka yarda da "gobe in sha Allah". Sannan ka shiga shafin kamfanin jirgin da kanka, ka sa PNR da sunan mahaifinka kamar yadda yake a fasfo, ka ga tafiyarka da lambar tikitin da nauyin kayanka da idonka. Ka kuma tambaye shi ko yana da rajistar IATA, ƙungiyar kamfanonin jiragen sama ta duniya, ko yana cikin NANTA, ƙungiyar ejan-ejan na tafiye-tafiye ta Najeriya. Da yawa daga masu sayar da tikiti a gari ba su ke yanka da kansu ba, suna bi ta hannun wani babba ne, wannan ba aibu ba ne, amma ka san hannu nawa kuɗinka zai ratsa.

In ka ji yayyenka a kasuwa suna cewa tikitin Najeriya ya fi na ko'ina tsada, gara a yanko daga Ghana ko wata ƙasa, ba ƙarya suka yi ba, sai dai labarin wani lokaci ne. A 2022 da 2023 kuɗin kamfanonin jiragen waje ya maƙale a Najeriya saboda ƙarancin dala, har IATA ta ce ya haura dala miliyan 800. Kamfanonin suka rufe ƙananan kashi ga masu saye daga nan, Emirates ma ta dakatar da zuwa baki ɗaya a 2022, ba ta dawo Legas ba sai Oktoban 2024. Bayan Babban Banki ya biya mafi yawan kuɗin a 2024 aka sake buɗe kujerun masu sauƙi. Kada ka gina lissafinka na bana a kan wahalar wancan lokacin.

Yanzu maganar Abuja. Gaskiya ne jiragen waje da ke sauka a Abuja sun fi na filin jirgin Malam Aminu Kano yawa, kuma inda masu sayarwa suka yi yawa farashi kan sassauta. Abin yana taɓa ni, domin Kano ce garin da jirgin sama ya fara sauka a Najeriya a 1925. Amma ka ɗauki biro ka yi lissafin duka. Ka sa kuɗin zuwa Abuja da dawowa, ko a jirgi ko a mota ta Zariya da Kaduna, tafiyar da ta haura kilomita 400. Ka sa kwanan otal, domin babu mai hankalin da zai baro Kano a ranar da jirginsa na waje zai tashi. Ka sa kuɗin mota zuwa filin jirgin Abuja, wanda ke can nesa da cikin gari. Sannan ka tuna dawowa: ka sauka da jaka biyu cike, jirgin cikin gida kuma nauyin da yake yarda da shi bai kai haka ba, sai ka biya kowane kilo da ya hau.

Abin da ya fi duk wannan haɗari shi ne tikiti biyu ne daban, babu ruwan ɗaya da ɗaya. In jirginka na Kano zuwa Abuja ya yi latti ka rasa na waje, kamfanin wajen zai rubuta ka a wanda bai zo ba, kuma wanda bai hau zangon farko ba, na'ura kan soke masa sauran har da na dawowa. Kai ɗan Kano ne, ka san abin da hazo ke yi daga Disamba zuwa Fabrairu, a wayi gari ba a ganin gaba, jirage su kasa sauka. In kuwa tikiti guda ne daga Kano har Gwanzu, jinkirin da ya sa ka rasa jirgi na biyu a Adis Ababa ko Alƙahira ko Doha nauyin kamfanin ne ya sa ka a na gaba, kayanka kuma tun daga Kano aka ɗaure musu takardar Gwanzu. Ethiopian ma takan ba da masauki ga wanda zangonsa ya kama daga awa 8 zuwa 24 in babu jirgin da ya fi kusa, ka tambaya tun wajen saye. Ni a wajena, sai rarar Abuja ta biya duk waɗancan kuɗaɗen ta kuma bar maka abin kirki a aljihu kafin ta cancanci wahalar. In ba haka ba, ba cinya ba ƙafar baya.

Ranar tafiya takan rage kuɗi fiye da duk wani ciniki da za ka yi da ejan. Baje kolin Canton sau biyu ake yinsa a Gwanzu, daga tsakiyar Afrilu zuwa farkon Mayu, da tsakiyar Oktoba zuwa farkon Nuwamba, lokacin jirgi da otal duk suna hawa. In ba baje kolin za ka je ba, kauce masa. Sabuwar shekarar Chaina tana faɗowa tsakanin ƙarshen Janairu da tsakiyar Fabrairu, masana'antu da shaguna su rufe, ko an ba ka tikiti da araha ka je ka zauna ne kawai. Daga ɓangarenmu kuma, azumi, musamman goman ƙarshe, masu umara kan cika jiragen da ke bi ta Alƙahira da Adis Ababa, sai Disamba da kowa ke tafiya. Ka fara dubawa da wata biyu ko makamancin haka, ka gwada matsar da ranar gaba ko baya da kwana biyu ka ga yadda kuɗin ke motsi. Amma kada ka yanki mafi arahar da ba a mayar da kuɗinsa alhali biza ba ta fito ba.

Tikitin cikin gida, Kano zuwa Legas ko Abuja, ba ya buƙatar dogon zance. Buɗe shafin Air Peace da Max Air da Rano Air, kwatanta, saya kai tsaye da katinka na naira. In aka soke tashi, dokar NCAA, hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Najeriya, ta ce a mayar wa wanda ya biya ta banki kuɗinsa cikin kwana 14, kuma bin haƙƙinka ya fi sauƙi in babu dillali a tsakani.

Da ni ne kai a wannan tafiyar ta farko, zan yi binciken da kaina a Google Flights, in tabbatar da farashin a shafin kamfanin jirgin, in ɗauki hotonsa mai nuna rana da lambar jirgi da nauyin kaya, in kai wa ejan in ce ga abin da na gani, nawa za ka yi min wannan ɗin daidai? In abin da ya ɗora kaɗan ne, ba shi, kana sayen wanda za ka kira daga Gwanzu da tsakar dare ne. In ya yi nisa kuma ya kasa gaya maka dalili, saya a shafin kamfanin, daga Kano, a tikiti guda.

Ko wa ka zaɓa, kada ka karanta masa sunanka ta waya, tura masa hoton shafin fasfo. Mu nan Muhammad da Mohammed da Muhammed duk mutum ɗaya ne, amma ma'aikacin da ke kan kanta harafi yake bi, kuma gyaran suna bayan an yanki tikiti kuɗi ne, wani lokacin ma sai an sake sabo. Ka duba kuma fasfonka yana da sauran aƙalla wata 6, katin rigakafin shawara yana cikin jakar hannunka. Allah ya kai ka lafiya, ya sa a dawo da riba.