Na ɗaya ko na biyar, wanne ya fi?

Jiya a majalisarmu ta Ƙofar Mata musu ya kaure kan littafin yaƙin nan mai aljanu da matsafa. Wasu sun ce na ɗaya ya fi, siriri ne, jarumi ɗaya takobi ɗaya, kafin shayinka ya huce an gwabza. Na biyar kuwa kauri kamar bulo, sarakuna sun yi yawa sai ka koma baya ka tuno waye ɗan waye, jarumin ma sai can tsakiya ya leƙo. Amma wallahi ni na biyar ɗin nake so, nan ne ka ji dalilin da bokanyar ta ƙone birnin, har tausayinta ya kama ni. Abokina dai ya ce jan labari kawai ake don mu ci gaba da siya.