Kayan Da Ya Dace A Saya Kafin Zuba Kifin Teku A Sabon Tanki A Gombe

Wanda ya saba kiwon tarwada a kududdufin siminti yakan ɗauka cewa tankin gilashi na kifin teku ma cika shi ake yi a zuba kifi, alhali kuwa sabon tanki yakan yi mako 4 zuwa 6 babu kifi ko ɗaya kafin ya iya ɗaukar rai. A cikin waɗannan makonni ne ƙwayoyin bakteriya ke yaɗuwa a jikin duwatsu da yashi, wasu suna mayar da ammoniyar da ke fitowa daga kashin kifi da ragowar abinci ta zama naitirait, wasu kuma suna mayar da naitirait ta zama naitiret, wadda ba ta da lahani sosai sai ta taru. Kuɗin farko ya kamata ya tafi ne a kan ruwa da abin auna shi.

Ruwan famfo da ke zuwa daga madatsar Dadin Kowa an sa masa kilorin, wanda ke kashe bakteriyar da ake ƙoƙarin rainowa. Ruwan burtsatse ba shi da kilorin, amma ma'adinan cikinsa sun bambanta daga unguwa zuwa unguwa, kuma ruwan leda yana da tsada ga tanki mai cin lita 200, ga shi ba a san yadda aka tace shi ba. A ganina ƙaramar matatar RO, wato na'urar da ke tace kusan duk abin da ya narke a ruwa, tare da ɗan ma'aunin da ke nuna yawan abin da ya narke a ruwa, ta fi dukkansu riba. Aibinta shi ne tana zubar da ruwa fiye da wanda take tacewa, sai dai ana iya tara shi a bai wa shuke-shuken gida.

Gishirin miya ba ya aiki ko kaɗan, domin ruwan teku yana ɗauke da kalsiyam da maganeziyam da sinadaran da ke riƙe pH, wato ma'aunin tsamin ruwa, tsakanin 8.1 da 8.4. Ruwan teku na da gishiri kusan giram 35 a kowace lita, wato tankin lita 200 zai ci kusan kilo 7 a cikon farko. Akwai gishiri na musamman da ake sayarwa domin tankin kifin teku, kuma mai niyyar ajiye kifi kaɗai samfurin Instant Ocean ya ishe shi. Red Sea Coral Pro an yi shi ne domin masu rainon murjani, kuma ƙarin kuɗinsa asara ce ga wanda bai kai can ba.

Inda ya kamata a tsaya a yi nazari shi ne ma'aunin gishiri. Haidiromita ta roba mai allura tana da araha, amma ƙananan kumfa kan manne wa allurar su ɗaga ta sama, sai mutum ya karanta lambar da ba ita ce ta gaskiya ba. Rifiraktomita kuwa ɗigo biyu ake sa mata a kan gilashi, a rufe, a leƙa ta wajen haske, a ga inda layin shuɗi ya tsaya, wanda ake so ya kasance kusan 1.025. A saye ta tare da ruwan daidaita ta mai gishiri kashi 35 cikin dubu, domin ita ma takan kauce. Muhimmancinta a Gombe ya fi fitowa lokacin hunturu, sa'ad da busasshiyar iska ke shanye ruwan tanki kullum ta bar gishirin a baya. Shi ya sa ake manna ɗan tef a jikin gilashi daidai bakin ruwa, kuma idan ruwan ya sauka, da tataccen ruwa marar gishiri ake cikawa.

Wajen gwajin ammoniya da naitirait da naitiret, 'yan takardun tsomawa sun fi sauƙi, amma launinsu yana da wuyar rarrabewa. Kwalaben ɗigo irin na kamfanin API ko Salifert sun fi ba da amsar da za a dogara da ita, muddin an duba ranar ƙarewarsu kuma an ajiye su nesa da rana. Game da abincin bakteriya, wato ammoniya, tunda babu kifin da zai samar da ita tukuna, wasu kan jefa gutsuren ɗanyen kifi ya ruɓe a ciki, wanda ba ya cin ko kwabo amma yana wari kuma ba a iya sarrafa yawan abin da yake fitarwa. Ruwan ammoniyam kilorayid ya fi tsafta, ana ɗiga shi har ma'aunin ammoniya ya nuna 2 ppm, wato kashi 2 cikin miliyan. Tanki ya shirya ɗaukar kifi ke nan idan aka sake ɗiga wannan adadi, bayan awa 24 ammoniya da naitirait duka suka koma sifili.

Bakteriyar da ake sayarwa a kwalba tana rage kwanakin jira idan ta iso da ranta, sai dai kwalbar da ta taso daga Legas a bayan mota cikin zafin watan Afrilu abin shakka ce, musamman irin wadda ake son ajiyewa a firiji. Haka ma duwatsun teku masu rai, waɗanda halittun jikinsu kan mutu a hanya su cika tanki da ammoniya. Busasshen dutse da haƙuri sun fi dacewa da nisanmu daga teku.

Kuɗin da aka rage a nan gara a sa shi a ƙaramin injin hura iska mai batir ko a haɗa famfon tanki da sola, domin bakteriyar nan da iskar oksijin take rayuwa, kuma ruwan da ya daɗe a tsaye bayan an ɗauke wuta yana iya mayar da aikin makonni baya. A ƙara da ƙaramar fanka mai hura saman ruwa, tunda kifin teku na son ɗumin digiri 24 zuwa 27 ne, ɗakin Gombe kuwa a bazara yakan zarce haka nesa.