Ra'ayina kan tashar CNN bayan shekaru ina kallonta

Jama'a, wani abokina ya sa dish sabo yana tambayata wai CNN ta cancanci mutum ya zauna mata ko Aljazeera kawai ta isa, shi ne na ce bari in rubuta abin da na gani tunda na daɗe ina bibiyarta. Tashar nan Ted Turner ne ya kafa ta a Atlanta a 1980, ita ce ta fara labarai awa 24 ba tsayawa, kuma har yau idan abu ya fashe a duniya kafin ka ce kwabo sun kai kyamara wurin. Hoto tas, sauti tas, a nan ba ni da ƙorafi.

Amma ni abin da ya riƙe ni wakilansu ne masu shiga daji. Nima Elbagir 'yar Sudan, ita ce a 2017 ta shiga Libiya da ɓoyayyar kyamara ta ɗauko yadda ake gwanjon bakin haure kamar awaki a kasuwa, wallahi ranar ban iya cin abincin dare ba don na san yaran unguwarmu da suka bi ta Agadez. Tana kuma cikin waɗanda suka yi binciken harbin Lekki a 2020. Ƙanwarta Yousra Elbagir ita ma 'yar jarida ce amma a Sky News take, mutane da yawa na haɗa su saboda suna ɗaya ne, gidansu gidan jarida ne tun daga mahaifinsu. Ga Stephanie Busari da ta fito da bidiyon 'yan matan Chibok a 2016 wanda ya nuna suna raye, lokacin da iyaye sun fara cire rai. Ga Christiane Amanpour da ta fara aiki a tashar a 1983, yaƙin Bosniya ne ya fito da ita. Zain Asher kuma ƙanwar ɗan fim Chiwetel Ejiofor ce, 'yan asalin Najeriya.

Inda raina ya ɓaci shi ne maganar 'yan gidan Cuomo. A wancan lokacin Chris Cuomo yana da shirinsa na dare a CNN, yayansa Andrew yana gwamnan New York, babansu Mario ma ya yi gwamnan jihar daga 1983 zuwa 1994. Lokacin korona a 2020 sai aka riƙa barin ƙane yana hira da yayansa kai tsaye, suna raha kan wa mamarsu ta fi so, alhali mutane na mutuwa a jihar kuma akwai tambayoyi masu zafi da ya kamata a yi wa gwamna, to wane ƙane ne zai titsiye yayansa a gaban duniya? Da zarge-zargen cin zarafin mata suka taso wa Andrew ya sauka a Agustan 2021, ta kuma bayyana Chris na ba shi shawara ta bayan fage, a Disamba CNN ta kori Chris. Korar daidai ce, amma laifin farko na tashar ne da ta buɗe ƙofar don masu kallo sun ƙaru. Yanzu Chris yana tashar NewsNation.

Sai kuma siyasar Amurka da ta yi yawa, a tara mutum biyar a teburi ana musu kan Trump awa guda alhali yaƙin Sudan bai samu minti biyar ba. Kan Gaza kuwa ni dai Aljazeera nake komawa, a ganina sun fi kusa da mutanen da abin ke faɗa wa. Turancinsu ma da sauri yake, dattijon da ya saba da BBC Hausa zai sha wuya.

Na ba ta 3 cikin 5. Abokina na ce masa ya riƙe ta don rahoton Nima da shirin Amanpour, da ya ga an fara jera kujeru za a yi musu ya canza tasha.