Farin kwaɗon kan ganye da kwaɗon gindin randa

Ɗan'uwa, ka ce ka ga wani ɗan mitsitsin kwaɗo fari fat manne da ganyen kacala a fadamar Kwalkwalawa da ke Sakkwato, rana na dukansa, kana tambaya ko ɗan kwaɗon gida ne da bai gama girma ba. A'a, jinsinsu daban.

Kwaɗon gida, mai laɓewa gindin randa, fatarsa kaushi gare ta, duk ƙuraje. Bayan idanunsa akwai kumburi biyu masu fitar da farin ruwa mai dafi, shi ya sa kare in ya cafke shi yake saki yana dalalar da miyau. Naka kuwa, bisa yadda ka siffanta shi, shi ne wanda masana ke kira Hyperolius nitidulus. Ko ya ƙosa, da ƙyar ya wuce santimita 3. Jikinsa sumul, kan yatsunsa faffaɗa ne mai manne wa ganye, da shi yake hawan ciyawa. Ƙwai ma ba ɗaya ba: na gida yana zuba nasa a jere kamar carbi, wannan kuwa curi-curi yake manna su jikin ciyawar cikin ruwa.

Amma inda suka rabu sosai shi ne rani. Na gida gudun rana yake yi, ya shige rami ko ƙarƙashin dutse inda da sauran laima. Wannan ɗan tahalikin ba ya ɓuya. Manyansu galibi ba sa kai wata damina, ƙananan da aka ƙyanƙyashe ne ke hawa ganye, su naɗe ƙafafu ƙarƙashin ciki, su lafe wata da watanni. Zafi na ƙaruwa fatar na yin fari, tana mayar da hasken rana don kada jikin ya ƙone. Ka tuna fa, zafin Sakkwato a watan Afrilu yana haura digiri 40! Ni dai wannan abu yana taɓa ni, ikon Allah ne a sarari.

Da ruwa ya sauka wajen Yuni sai launin ya koma ruwan ƙasa, mazan su cika fadama da kuka cikin dare.

Don Allah in ka sake ganinsa kada ka ɗauke shi, motsi na cinye ɗan ruwan da ya tanada. Ka kuma ja kunnen masu cinna wa ciyawar bakin fadama wuta da rani, domin a kanta suke zaune.